Hajiyarmu na tsoron jirgi, ga tafiyar Jidda zuwa Washinton: wane kamfani za mu zaɓa?

Abu Hafsa, Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu ce za ta je Amurka wurin ƙanwata da ke dab da haihuwa, kusa da Washinton. Biza ta fito, an kuma yi mata huruj da auda, wato izinin fita Saudiyya da dawowa. Shekarunta 67, tana da hawan jini da ciwon suga, tana allurar insulin. Matsalar ita ce tsoron jirgi. Tun hatsarin alhazan Sakkwato na 1991 a Jidda, ko Kano za ta je sai ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki, a cikin jirgin kuwa da ya ɗan girgiza sai kuka da salati.

Ofishin tikiti sun ba mu zaɓi: Saudia kai tsaye, ko ta Doha, ko ta Istanbul, ko ta Alƙahira, ko ta Adis Ababa. Ƙanena ne zai raka ta. Wanne ya fi aminci? Kuma a nema mata maganin barci ne ta sha har a sauka? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bala, Jidda

Wa alaikumus salam Malam Abu Hafsa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sauki ƙanwarka lafiya.

Kada ka ɓata lokaci wajen neman wanda ya fi aminci cikin biyar ɗin nan. Jirgin wata ƙasa ba ya fara sauka Amurka da fasinja sai hukumar jiragen samansu, FAA, ta gamsu da yadda ƙasarsa ke sa ido a kan kamfanoninta, sannan shi ma kamfanin ya samu izininsa. Kuma biyar ɗin nan dukkansu mambobin IATA ne, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wadda sharaɗin zama mamba shi ne cin jarrabawar IOSA, binciken da aka fara a 2003 kan horar da matuƙa, gyara, lodin kaya da sauransu. Rajistar a buɗe take a intanet, ka rubuta sunan kamfani ka gani. Tarayyar Turai ma tana da jerin kamfanonin da ta hana shiga samaniyarta, kuma babu ko ɗaya daga cikin naka a ciki. Wannan dubawar ta fi amfani in ƙaramin kamfani ne da ba ka san shi ba, ko jirgin haya na lokacin Hajji da Umara. A tsakanin waɗannan biyar, zaɓi da abin da Hajiya za ta iya ɗauka.

Batun 1991 kuwa, a ganina a gaya mata abin da ya faru dalla-dalla, domin wanda bai san sanadi ba yana ɗauka jirgi haka kawai yake kamawa da wuta. Ranar 11 ga Yuli ce, jirgin DC-8 ne na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair, aka ɗauko shi haya yana jigila da sunan Nigeria Airways. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an sani, amma aka sallami jirgin don kada a makara. Yana gudu a titin tashi tayoyin hagu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin ramin da tayoyi ke shiga a wannan samfurin ba shi da na'urar jin zafi, sai suka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutarsu. Mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A Boeing 777 ko 787 ko Airbus A350 na yau, iskar tayoyi da zafin birki suna fitowa a allon gaban matuƙi, kuma taya da ta gaza ƙa'idar iska ba a sa hannu a takardar sallama sai an cika ta ko an canza ta. Jirgin da take tsoro ba shi za ta hau ba.

Sai ƙarar da za ta ji, don ita ce ke tayar da hankalin mai tsoro. Ƙanenka ya haddace su, ya riƙa faɗa mata kafin su zo, ba bayan sun zo ba. Daƙiƙu kaɗan bayan tashi za a ji gum a ƙarƙashin ƙafa: tayoyi ne suka shige, ƙofofinsu suka rufe. Kamar minti ɗaya bayan haka, a wajen ƙafa 1,000 zuwa 1,500, ƙarar inji za ta ragu, mutum ya ji kamar jirgin ya nutse. Nan ne mutane suka fi ɗauka inji ya mutu. Matuƙi ne ya sassauta, kamar direba ya ɗaga ƙafa kaɗan daga totur bayan ya hau titi, domin ƙarfin tashi ba a barin inji a kansa fiye da 'yan mintuna. Jirgin na ci gaba da hawa, kunnen ciki ne ke ruɗar mutum. Sai kukan na'ura daga fukafukai ana janye fallayen da aka miƙa don tashi. Wajen sauka duk wannan zai dawo a juye: fallaye su fito, iska ta yi ƙara, tayoyi su sauko da gum, bayan taɓa ƙasa inji ya yi ruri don rage gudu. Wani lokaci ana dab da sauka sai jirgi ya sake cirawa sama da ƙarfi. Ba lalacewa ba ce, ko wani jirgi ne bai gama fita daga titi ba, ko iska ta karkace, sai a kewayo cikin minti 10 zuwa 15.

Gargadar iska ba ta karya fiffike. Kafin a ba sabon samfuri takarda, ana lanƙwasa fiffikensa da nauyin da ya kai kashi 150 cikin 100 na mafi tsananin abin da ake tsammani zai gamu da shi. A gwajin 787 na 2010 bakin fiffiken ya ɗaga sama da mita 7. Don haka in ta ga fiffike na rawa ta taga, aikinsa yake yi. Abin da gargada ke yi shi ne jefa wanda bai ɗaura bel ba. Jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan a Mayun 2024 ya gamu da mai tsanani a saman Myanmar, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, jirgin kuwa ya sauka lafiya a Bankok. Bel ya zauna a ɗaure duk lokacin da take zaune, ko fitilar ta mutu, a kan ƙugu ba a kan ciki ba, kuma a saman bargo don kada ma'aikata su tashe ta.

Tekun Atlantika: jirage masu inji biyu da ke ƙetare shi an tantance su iya tafiyar minti 180 ko fiye da inji ɗaya, kuma ana zana hanya ne yadda ba za a yi nisa da filin sauka fiye da haka ba, irin su Shannon a Ayilan, Keflavik a Aisilan, Gander a Kanada. Tafiya mai tsawon nan matuƙa uku ko huɗu ne ke karɓa-karɓa.

Farfesa Arnold Barnett na jami'ar MIT ya lissafa cewa daga 2018 zuwa 2022, a duniya baki ɗaya, rai ɗaya ake rasawa a hawa jirgi miliyan 13.7. Na kawo maka ne don kai hankalinka ya kwanta. Hajiya ba lissafi ne zai yi mata magani ba, sanin abin da zai faru a minti mai zuwa ne.

Umman Sadiƙ, Riyad

Injiniya ya gama da ɓangaren ƙarfe. Ni ta wajen tikiti zan shigo, ɗan'uwa.

Fara da tambayar Hajiya: me ya fi tayar mata da hankali, tashi da sauka, ko daɗewa a rufe? Daga bayaninka tashi da girgiza ne, to ƙirga tashin. Saudia kai tsaye tashi ɗaya ne, sauka ɗaya, awa 13 ko kusa da haka. Ta Doha, sai ku yi sama da awa 2 kuna tafiya gabas, sannan a juyo yamma wajen awa 14. Ta Istanbul kusan awa 4 sannan kamar 11. Ta Alƙahira awa 2 sannan doguwar. Ta Adis Ababa ita ce ban so mata ba: filin yana kan tudu, sama da mita 2,300, jirgi ba ya iya tashi da cikakken mai da cikakken kaya, shi ya sa mai zuwa Washinton yakan tsaya a hanya. Tashi uku ke nan. Kuma gajeren zangon farko sau da yawa ƙaramin jirgi ne, A320 ko 737, wanda aka fi jin girgiza a cikinsa. Wanda matsalarsa ƙunci ce, tsayawar awa 3 a tsakiya tana taimakonsa. Amma mai tsoron tashi, in ta sha wuya a zangon farko, tana iya cewa ba za ta hau na biyu ba, ku tsaya cirko-cirko a ƙasar da ba ku da bizarta. Ni kai tsaye zan ce, ko da ya fi tsada.

Akwai kuma abin da mutane ke rainawa: harshe da sabo. A Saudia sanarwa da Larabci ake yi, ana sa addu'ar tafiya kafin tashi, ba a raba giya, manyan jiragensu kuma suna da wurin salla a baya. Dattijuwar da ta daɗe a Makka, jin “Subhanallazi sakhkhara lana haza” daga lasifika, da samun ma'aikaciyar da za ta ce wa “ya binti” ta amsa, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kafin ka biya, duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin lambar jirgi, wanda ke faɗin kamfanin da zai yi jigilar. Kana iya sayen tikitin wani kamfani, jirgin na wani ne. Sannan ka sa lambar a shafin bibiyar jirage na Flightradar24 ka ga samfurin da suka yi amfani da shi cikin makon da ya wuce. In akwai ranar 787, ɗauki ita. Iskar cikinsa daidai take da tsayin ƙafa 6,000, na tsofaffin samfura kuwa wajen 8,000, kuma ba ta kai su bushewa ba, don haka ciwon kai da kasala sun fi sauƙi. Sai dai kamfani na iya canza jirgi ranar tafiya, saboda haka kada a yi mata alkawarin samfuri.

Kujera a biya a zaɓa tun yanzu, kada a bari sai a kanta. A saman fukafukai ko ɗan gaba da su, nan ne girgiza ta fi sauƙi, wutsiya ce ta fi kaɗawa. Ita a bakin hanya saboda banɗaki, ƙanenka a gefenta, kuma tikitin biyun su kasance a rajista ɗaya, in ba haka ba da an canza jirgi kwamfuta za ta raba su. Layin ƙofar gaggawa ba za a ba ta ba, kada ka biya kuɗinsa.

Aƙalla awa 48 kafin tafiya a nemi keken tura marasa ƙarfi. Lambarsa WCHR ga mai iya hawa matakala amma doguwar tafiya na ba ta wuya, WCHS ga wadda matakala ma ba ta iyawa. Kyauta ne, za a shigar da ita kafin cunkoso, a Dulles, filin jirgin Washinton, kuma a tura ta har wurin jami'an shige da fice. Abincin masu suga lambarsa DBML, shi ma a nema tare. Da sun shiga, ƙanenka ya gaya wa shugabar ma'aikatan sashensu cewa Hajiya na tsoro. Sun saba, za su riƙa leƙo ta.

Lokacin hunturu iskar saman Atlantika ta fi ƙarfi, gargada ta fi yawa, amma haihuwa ba ta jiran damina ko rani, sai a tafi lokacin da ta kama. Kilishi da dambun nama kuma a bar su a gida, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma tsare dattijuwa a ɗakin bincike bayan awa 13 wata firgitar ce daban.

Dakta Hadiza, Madina

Malam Abu Hafsa, batun maganin barci nake so in tsaya a kai, don shi ne ya fi ba ni tsoro a tambayarka.

Kada a sayo mata diazepam ko alprazolam ko wani danginsu daga hannun kowa. Ga mai shekara 67 suna kawo jiri, ruɗewa da faɗuwa, wasu ma maimakon su natsu sai su rikice. Suna rage ƙarfin numfashi a wurin da iskar oksijin ta riga ta ragu. Suna sa mutum barci a zaune awanni ba motsi, wanda shi ne ke kawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Ga mai allurar insulin kuwa, in suga ya faɗi tana cikin barcin magani, ƙanenka zai ɗauka barci take yi. Ƙari a kan haka magunguna ne masu tsauraran dokoki a nan Saudiyya da Amurka, ba a ɗaukar su sai da takardar likita. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci ma ba su da kyau ga tsofaffi. In likitanta ya duba ta ya ga dole sai an ba da wani abu, to ƙarami ne, kuma a gwada shi a gida kwanaki kafin tafiya, ba a sama ba.

Ta ga likitanta mako 2 zuwa 4 kafin tafiya. Ma'aunin da ake fara dubawa mai sauƙi ne: tana iya tafiyar mita 50 ko hawa bene ɗaya ba haki? In ba ta iyawa, ko tana da ciwon zuciya ko na huhu, kamfani zai buƙaci takardar lafiya. Washinton tana bayan Makka da awa 7 a bazararsu, 8 a hunturu, wato ranar tafiya za ta yi tsawo, don haka likita ya rubuta jadawalin allura da na abinci na wannan ranar. Agogo ɗaya ya zauna a lokacin Makka har a sauka. Insulin, na'urar gwaji, allurai da maganin hawan jini duk a jakar hannu, cikin kwalinsu na asali, da takardar likita da Turanci. Ba a sa insulin a kayan da za a auna, sanyin ƙasan jirgi na iya lalata shi, jakar ma tana iya ɓata.

Ka ce takan ƙi cin abinci kafin tafiya. Wannan ne haɗarin gaske a wurinta. Faɗuwar suga da firgita kamanninsu ɗaya: rawar jiki, gumi, bugun zuciya. Da ta fara, a gwada suga tukuna kafin a ce tsoro ne. In ya gaza 70, a ba ta rabin kofin lemon kwali ko dabino 2 zuwa 3, a sake gwadawa bayan minti 15.

In firgita ce, tana kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ta sauka da kanta. Abin da ke ƙara ta shi ne saurin numfashi, shi ke kawo jiri da tsikarin yatsu, sai mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Ta ja iska ta hanci tana ƙirga 4, ta fitar a hankali ta baki tana ƙirga 6 zuwa 8, hannu a kan ciki, tafin ƙafa biyu a ƙasa, kafaɗa a sake. Ga irin su Hajiya carbi ya fi ƙirge aiki: ja iska, sannan ta fitar tana faɗin hailala ɗaya a hankali har iskar ta ƙare. A fara koyon wannan a gida, minti 5 bayan Asuba da bayan Isha, tun makonni biyu kafin tafiya. Abin da ba a saba da shi a ƙasa ba, ba ya zuwa a sama. Hadisin Jabir a Buhari ya ce sahabbai in sun hau tudu kabbara suke yi, in sun gangara tasbihi, to ga abin riƙewa a wajen tashi da sauka. Kuma kada kowa ya ce mata tsoron ƙarancin tawakkali ne. Jiki ne ke yin abinsa, kunyatar da ita ƙara shi zai yi.

Ranar tafiya ba goro, ba gahawa, shayi ma kaɗan, domin suna ƙara bugun zuciya. Ruwa kofi ɗaya duk awa ko awa biyu, kada ta ƙi sha don gudun banɗaki. Ta miƙe ta taka duk bayan awa 2 in fitilar bel a kashe take, a zaune kuma ta riƙa juya idon sawu. Safar matse ƙafa mai kaiwa gwiwa tana taimakawa, amma mai suga sai likita ya duba jinin ƙafarta kafin ta sa. In cikin makonnin da suka biyo bayan sauka ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Abu Hafsa, Makka

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Mun tsaya a kan kai tsaye. Saura abu ɗaya: wasu sun ce a rufe mata taga kada ta ga komai, wasu sun ce gani ya fi. Kuma da gargada ta fara, me ƙanena zai duba ya san ko abin na gaske ne?

Injiniya Bala, Jidda

Taga ya danganta da mutum. Mai jiri, ganin sararin sama daga nesa yana daidaita masa kai. Mai tsoron tsayi kuwa rufewa ta fi. Tunda a bakin hanya za ta zauna, ta fara da kallon gaba, in ta nemi gani a nuna mata. Wajen tashi da sauka kamfanoni da yawa suna cewa a buɗe tagogi, a gaya mata tun a gida cewa ƙa'ida ce ta kullum.

In gargada ta fara, ya ajiye kofin ruwa rabi a kan tebur su kalla tare. Jiki zai ce an faɗa rami, ruwan kuwa yawanci ko zuba ba ya yi. Fitilar bel in ta kama, ko aka ce ma'aikata su zauna a dakatar da rabon shayi, matakin kare mutane ne daga ƙonewa da faɗuwa, ba alamar jirgi na cikin matsala ba. Ƙarar inji na iya sauyawa saboda matuƙi yana rage gudu zuwa wanda aka tsara don gargada, ko yana neman izinin hawa ko sauka ƙafa 2,000 zuwa inda iska ta fi kwanciya. Taswirar da ke allon kujera tana nuna tsayi, ya buɗe ta: zai ga lambar tana wajen ƙafa 35,000 ba ta motsa ba, ya nuna wa Hajiya. Wuraren da aka fi samun girgiza a wannan hanyar su ne saman duwatsun Turai da tsakiyar teku, ya faɗa mata tun suna saman Masar.